Dara Ta Ci Gida: Marubutanmu da Dandalin Dara

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dayi da rani, ya wuce Rimin Gado ya shiga ƙasar Kabo da Gwarzo bayan la'asar, zai iya tarar da dattawa biyu a gindin darbejiya sun sunkuya suna kallon ƙasa, mutane sun yi musu zobe. Dara ake yi. Abin da ya sa muka ɗauko zancen a wannan fitowa shi ne wani rubutun labari da wani matashi ya kawo mana don dubawa, wanda ya kafa a wani ƙauye kusa da Getso. A babi na uku ya zaunar da kakan jarumarsa yana dara, amma sai ga tsohon yana tsallake ɗan abokin wasa yana cinyewa, kamar yadda ake yi a diraf. Da muka tambaye shi, ya ce ai shi ado kawai ya yi da ita, don mai karatu ya ji ƙanshin ƙauye. To, wannan amsa ita ce damuwarmu.

Bari mu fara da yadda wasan yake, tun da dai alamu sun nuna da yawanmu ba mu sani ba. Ana haƙa gurabe 30 a ƙasa, layi 5, kowane layi gurbi 6. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, wannan ya riƙe guntayen kara, wancan tsakuwa. Da fari za a yi ta sa 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda kowa ya jera uku ba, har 24 su ƙare, gurbi 6 kaɗai ya rage fili. Daga nan sai tafiya: gurbi ɗaya gaba, ko baya, ko gefe, ba tsallake. Wanda ya jera uku ya ci, sai ya cire ɗa guda na abokinsa. Gwani shi ne wanda ya shirya 'ya'yansa yadda ɗa guda zai riƙa kai da komo tsakanin gurbi biyu, kowane motsi ci ne. Ƙa'ida takan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, kuma akwai ɗaya darar mai gurbi 12 da ake zuba 'ya'ya ana kwashewa, irin wadda Yarbawa ke kira ayo. Zabarmawan Nijar ma suna yin mai gurbi 30 ɗin, suna ce mata dili.

Mai karatu ya lura da abu guda. Galibi tun wajen sa 'ya'ya ake cin wasan ko a faɗi, a lokacin da ɗan kallo yake ganin ba a fara komai ba. Ashe ba haka ginin labari yake ba? Abin da marubuci ya dasa a babin farko shi zai ci ko ya cinye shi a babin ƙarshe. Hausawa ma sun ce dara ta ci gida, wato mutum ya haƙa wa wani tarko ya koma kansa. Muna cusa wannan magana a bakin taurarinmu, alhali kuwa ba mu taɓa durƙusawa mun ga yadda ake cin gidan ba.

Bugu da ƙari, dandalin dara fage ne da aka riga aka share wa mai rubuta hira. Mutum biyu ke wasa, amma goma ke magana. A nan ake jin farashin dawa, da wanda ya sa gonarsa jingina, da 'yar wane da aka sa wa rana, da yaron da ya tafi cirani bai aiko ba. A nan abokan wasa, irin su Bafillace da Babarbare ko ɗan mace da ɗan namiji, suke gaya wa juna abin da ba ya faɗuwa a zaure. Talaka yana iya cinye attajiri a gaban jama'a, ba abin da attajirin zai yi sai yaƙe. Marubucin da ke son nuna gaba tsakanin surukai biyu ba ya bukatar shafi uku na bayani. Ya zaunar da su dara, ya bar mu mu ga yadda ɗaya yake dangwara tsakuwa.

Ba zargin wani zamani muke yi ba. Littattafan da suka ɓullo a Kano daga shekarun 1980, irin su Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, sun yi wa adabi hidima, don sun sa dubban mata da matasa karatun Hausa, duk da sunan Adabin Kasuwar Kano da aka laƙaba musu. Sai dai yawancin masu bin sawunsu, har zuwa masu rubutun WhatsApp na yau, sun tare a falo. In an yi wasa, lido ne ko karta. Lido kuwa daga wasan pachisi na Indiya Turawan Ingila suka ciro shi, aka yi masa rajista a 1896. Ba laifi ba ne, ya zama namu, 'yan matanmu sun iya shi. Amma shi ƙwanƙwasa ne da sa'a, dara kuwa ba sa'a a cikinta, tunanin mutum ne tsirara. Dubi Yasunari Kawabata na Japan, wanda ya ci kyautar Nobel a 1968. Littafi sukutum ya rubuta a kan wasan go guda ɗaya da aka yi a 1938 tsakanin tsohon gwani da matashi, aka shafe kusan wata shida, tsohon ya sha kaye. Da shi ya nuna shuɗewar wani zamani a ƙasarsa.

Amma mu yi hattara da begen da. Masu kukan "ina ma da" sukan mayar da gindin bishiya aljanna, alhali dandalin yana da nasa aibin. Na maza ne zalla, mace tana cikin gida tana daka. Malamai sun daɗe suna faɗa da 'yan dara saboda jinkirta salla, wani kuma yana can yana jera uku ciyawa ta cinye masa gona, wani lokacin ma caca takan shigo. Marubuci na gari zai kawo wannan duka, ya kawo matar da ke jiran cefane tare da mijin da ke jiran ci.

Shawararmu ga 'yan'uwa, musamman 'yan reshen Gwarzo da Kabo da abin yake a ƙofar gidansu, ita ce a ajiye biro na yini biyu, a je Garo ko Kutama ko Lakwaya, a gaida dattawa, a roƙi a koya. A rubuta sunayen da suke kiran kowane motsi da irin zambon da suke yi wa wanda aka cinye, domin samari sun koma kan waya da gidan kallon ƙwallo, kuma duk dattijon da ya kwanta dama da nasa kalmomin yake tafiya. Matashin da muka ambata ya karɓi gyara, ya ce zai je a cinye shi sau goma kafin ya sake babin. Allah Ya sa mu dace, amin.