“Jinkiri” ko “Riƙo”? Sharhi a Kan Fassarar Wata Kalmar Kimiyya

Daga cikin hanyoyin ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi a Hausa akwai bin asalin kalma a fassara shi. Hanyar tana da sauƙi, amma takan ɓad da ma’ana, kamar yadda kalmar histeresis ta fannin maganaɗisu ke nunawa.

Masanin nan James Ewing ne ya raɗa kalmar daga Girkanci, inda tushenta ke nufin zuwa a baya. Saboda haka mai bin asali zai ce “jinkiri”. To, jinkiri al’amari ne na lokaci, watau abin da aka jinkirta yana tafe. Ƙarfe kuwa ba haka yake ba.

A 1907 Pierre Weiss ya yi bayanin cewa ƙarfe ya kasu ƙananan yankuna, kowane da alƙiblar maganaɗisunsa. Muddin alƙiblun sun saɓa, ƙarfinsu yakan soke juna. Idan aka kusanto da maganaɗisu, sai iyakokin yankunan su gusa, masu fuskantar inda ake ja su faɗaɗa. Da an janye shi, iyakokin ba sa komawa mazauninsu duka, domin gawayi da sauran gaurayen da ke jikin ƙarfen sun maƙale su. Ko an shekara ana jira ba za su koma ba, sai dai a ja su ta kishiyar fuska, ko a gasa ƙarfen ya haura digiri 770 a ma’aunin Salsiyas.

Bahaushe yana da sunan wannan hali. Mutumin da aka ɓata wa rai, dalilin ya wuce amma abin bai bar zuciyarsa ba, shi ne “mai riƙo”. Ɗalibi a Batsari ko Safana ba ya bukatar ƙamus kafin ya gane wannan, kuma maƙerar garinsu ta ishe shi misali: wuƙar da maƙeri ya gasa ya tsoma a ruwa ta fi ƙusa mai taushi riƙon maganaɗisu. Har ila yau, wannan riƙo ne ya adana muryar Mamman Shata a zaren kaset.

Ana iya sukar “riƙo” da cewa tana jingina wa ƙarfe zuciya. Amma aibin nan bai kai na “jinkiri” ba, wadda ke koya wa ɗalibi kuskure tun daga suna. Wajibi ne mai fassara ya fahimci yadda abu ke aiki tukuna, sannan ya nema masa suna a bakin masu harshen.