Tsokaci Kan Wani Ƙagaggen Labari Mai Hatimin Nijar

'Yan uwa marubuta, mu mazauna Jibiya mun saba ganin an tsare direba a Magama saboda hatimi ɗaya da bai fito sosai ba. Da wannan idon muka duba takardun nan da suka ɓulla a Italiya a 2002, masu cewa Nijar ta amince ta sayar wa Iraƙi tan 500 na yuraniyom. Ƙagaggen labari ne, don haka da ma'aunin adabi za mu auna shi.

Marubucin bai yi bincike ba. Wasiƙar Oktoba 2000 na ɗauke da sa hannun ministan harkokin waje Allele Habibou, alhali ya bar kujerar tun 1989. Ɗalibinmu in ya dawo da mamaci a babi na biyar ba dalili, jan biro zai sha. Sannan tireloli nawa za su kwashe tan 500 daga Arlit, Faransawan ma'adinan ba su gani ba?

Ranar 7 ga Maris 2003 hukumar nukiliya ta duniya ta ce jabu ne. Amma Bush ya riga ya ambaci yuraniyom ɗin Afirka a jawabinsa na Janairu, ranar 20 ga Maris kuma bama-bamai suka sauka Bagadaza.