Wanda bai kwana ba, bai zo Malanville ba

Wata Asabar da hantsi ina zaune a teburin mai shayi, can wajen da ake hango gada, sai ga wata mota ta tsaya. Jar ƙura ta rufe ta, an ɗaure katifu da tanti a samanta. Samari biyar suka sauko, daga Kwatano suke, kwanansu biyu a hanya. Suka jeru suka ba kogi baya, ɗaya ya ɗaga waya, suka yi sowa, aka ɗauki bidiyo. Kafin shayina ya huce sun koma mota sun nufi kudu. Ko ruwan garin ba su sha ba.

Irin wannan tafiya ta zama yayi a tsakanin matasa. Abokai su haɗa kuɗin mai, su ratsa ƙasar Benin daga bakin teku har bakin iyaka, suna tsayawa duk inda aka ce akwai abin kallo, sannan su watsa a TikTok da Facebook. Ina son yayin nan har cikin raina. Tsakanin Kwatano da Malanville akwai kilomita fiye da 700, kuma hanyar cike take da darasi: fadojin sarakunan Abomey da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1985, duwatsun Dassa da na Savè, Parakou inda layin dogo ya tsaya, gonakin audugar Kandi, sai kuma mu a bakin kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara. Yaron da ya bi wannan hanya da idonsa ya daina jin cewa arewa wata duniya ce dabam. Gani ya kori ji.

Abin da ke damuna shi ne siffar da tafiyar ta ɗauka. An kwaso ta ne daga bidiyon 'yan Amurka masu bin tsohuwar hanyar nan mai lamba 66 daga Chicago zuwa California, inda matafiyi zai biya kuɗi a ba shi fili ya kafa tanti, ga famfo ga wuta, ya kwana ya tashi bai gaisa da kowa ba. Can haka ƙasarsu ta tsara abin. Samarinmu sun ɗauko tantin da saurin, sun manta cewa ƙasar da suke takawa tana da nata ilimin tafiya, wanda ya girmi mota.

A ƙarni na 19 ayarin fataken goro na tasowa daga Kano da Sakkwato, su ƙetare wannan kogi, su ratsa ƙasar Bargu ta wajen Nikki da Jugu, har su kai Salaga ta ƙasar Gwanja. Jakuna ɗauke da kanwa da fatu da rinannun tufafi, tafiya ta watanni. Madugu ne uban tafiya, jagaba na gaba yana duba hanya. Idan rana ta yi zafi sai a ya da zango a gefen gari. Madugu ya je ya gai da sarki da 'yar gaisuwarsa, mata su fito da abincin sayarwa, a ji labarin hanya: ina ruwa ya cika, ina 'yan fashi suka tare. Zangon nan shi ne sansaninmu na asali, kuma da mutane aka gina shi. Shi ya sa bai mutu ba. Wasu fatake suka zauna, suka yi aure, suka gina masallaci, zango ya zama unguwa. Yau akwai Zongo a Parakou, akwai a Kwatano, akwai a Kumasi. Duk daga sauka da gaisuwa abin ya faro.

To me samarin nan biyar suka rasa da suka juya cikin sauri? Sun rasa kasuwar Malanville, wadda ake cewa in ka cire Dantokpa ta Kwatano babu kamarta a Benin. A ƙarshen mako za ka ga buhunan albasa jibge kamar tsauni, ga masara, ga shinkafar fadamar nan, ga bandar kifi, ga garin rogo da doya daga kudu. A rumfa guda za ka ji Dandanci da Zabarmanci da Fillanci da Hausa da Yarbanci, ciniki na tafiya ba tafinta. Sun rasa kuma labarin gadar da suka sa a bayan hotonsu. Tun 1958 ta haɗa mu da Gaya ta ƙasar Nijar. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe ta, manyan motoci suka yi dogon layi a kan hanya, direbobi suka shafe makonni suna kwana ƙarƙashin motocinsu, jama'a suka koma ƙetarewa a kwalekwale don ganin dangi da neman abinci. Hoto ba ya faɗin wannan. Sai ka zauna da mai jirgi ko ɗan dako, ka tambaye shi, sannan za ka san abin da iyaka ke nufi ga wanda mahaifiyarsa ke tsallake.

Na san abin da za su ce: hutu gajere ne, aljihu ba nauyi, dole a yi sauri a ga ko'ina. Amsata ita ce a rage wuraren. Gari uku da ka kwana a cikinsu sun fi gari goma da ka leƙa ta tagar mota. Kuɗin da za a sayi tanti da shi ya isa a kama ɗaki a ƙaramin masauki, a ci tuwo a wajen mai tuwo, kuɗin ya zauna a garin.

Akwai kuma maganar rai, wadda ba a wasa da ita. Hanyar Kandi zuwa Malanville ta bi ta kusa da yankin gandun dajin W, kuma tun 2022 'yan bindiga ke kai hare-hare a cikin dajin da kewayensa. Kafa tanti a jeji a wannan yanki ganganci ne. Mai masaukinka ne zai ce maka kada ka bi hanya kaza, kada ka yi tafiyar dare, ga lokacin da ya kamata ka tashi. Taswirar waya ba ta san abin da ya faru jiya ba, mutumin gari ya sani. Matambayi ba ya ɓata.

Sai batun ladabin ɗaukar hoto. Matar da ke tallan kifi a bakin kogi uwar wani ce, tana neman halalinta. A yi mata sallama, a tambayi lafiyar gida, a nemi izini. In ta ce a'a, a mayar da waya aljihu.

Saboda haka, 'yan samari, ku ci gaba da zuwa, ku ƙaro abokai. Amma ku iso da rana, ku ajiye mota, ku nemi mai unguwa ko limami ku gabatar da kanku. Za a ba ku ruwa kafin a tambayi sunanku. Ku kwana, da asuba ku sauka bakin kogi ku ga masunta na janyo taru, hayaƙin Gaya na tashi a tsallake. Ranar da za ku tafi, a samu wanda zai raka ku bakin mota ya ce ku gai da mutanen gida, ya kira ku da sunanku. A ranar ne za ku iya cewa kun zo Malanville.