Wane Zamani Ne Ya Fi A Kiɗan Rok?

Akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu sauraren kiɗan Turawa da ake kira rok, wato wane zamaninsa ne ya fi. Na sha jin ta a ɗakin malamai, kuma na lura kowa zamanin samartakarsa yake yabo. Kowane tsuntsu dai kukan gidansu yake yi. To amma mai nazari ba ya yanke hukunci da begen ƙuruciya, sai da ma'auni. Nawa ma'aunin shi ne, a wane zamani ne waƙar ta fi ɗaukar ma'ana?

Masu goyon bayan shekarun 1950 hujjarsu ita ce asali. Kiɗan ya tsiro ne daga bulus, kiɗan baƙar fatar Amurka, ya gauraya da kiɗan karkara na fararen fata. Elvis Presley ya fitar da faifansa na farko a Memphis cikin 1954, Chuck Berry ya biyo baya da "Maybellene" a 1955. Sun cancanci yabo, sai dai waƙoƙin lokacin gajeru ne, yawanci ba sa wuce zancen rawa da mota da budurwa. Harsashi suka kafa, wasu ne suka yi ginin.

Masu son shekarun 1980 kuwa, tun da aka buɗe tashar MTV a 1981 ido ya fara ƙwace aikin kunne, ado da hoto suka rinjayi baiti. Ƙungiyar Nirvana ta dawo da ɗacin gaskiya a faifanta "Nevermind" na 1991, amma tafiyar ba ta yi nisa ba, domin jagoranta Kurt Cobain ya mutu a 1994.

A nawa ɗan sanin, shekarun 1965 zuwa 1975 su suka ciri tuta, saboda dalilai uku. Na farko, kalmomi. A 1965 Bob Dylan ya hau dandalin bikin Newport da jita mai lantarki, wasu suka yi masa ihu, amma ya shigo wa rok da baitoci masu zurfi da habaici. Ba banza ba aka ba shi lambar Nobel ta adabi a 2016. Na biyu, tsari. Beatles sun daina yawon wasa a 1966, suka duƙufa a ɗakin naɗar sauti, suka fito da "Sgt. Pepper" a 1967. Pink Floyd kuma a "The Dark Side of the Moon" na 1973 sun ɗinke waƙoƙin faifai guda a kan lokaci da kuɗi da hauka da mutuwa, tamkar babi-babin littafi. Na uku, ƙarfin hali. A Woodstock cikin 1969 Jimi Hendrix ya kaɗa taken Amurka da wata irin ƙara, har mutane da dama suka ji kamar rugugin bama-baman yaƙin Biyetnam.

Duk da haka, zamanin bai rasa aibu ba. Girman kai ya sa wasu jan waƙa guda har minti 20, abin da ya tunzura matasan Ingila suka rungumi salon fank mai kaushi a 1976. Hendrix da Janis Joplin duk sun mutu a 1970 suna da shekara 27, kuma ƙwaya na da hannu a ciki. Sannan mu tuna, lokaci ya riga ya sheƙe wancan zamani. Tsabar muke ji yau, ƙaiƙayin ya bi iska, alhali na yanzu muna jin sa da dusarsa.

'Yan'uwa marubuta, abin lura a nan shi ne, waɗannan mutane sun tarar da waƙar rawa ta minti uku, suka ɗora mata nauyin da ba a zaci za ta iya ɗauka ba. Duk mai riƙe da alƙalami ya tambayi kansa me ya ƙara wa salon da ya gada. Allah ya sa mu dace.