SHARHI: 'Memphis Belle' da waɗanda ba su dawo ba

Mai karatu, in dai kana zaune a Kawo ko Mando, ba sai an gaya maka akwai sansanin sojan sama a Kaduna ba, ƙarar jiragen koyon tuƙi ta ishe ka shaida. A cikin wannan ƙara na sake kallon wani tsohon fim ɗin Turawa, Memphis Belle, wanda ya fito a 1990. Tun ranar wata tambaya ta hana ni sakat: idan jirgi ya faɗo a cikin fim, su wane ne a cikinsa, kuma wa ya damu ya nemo sunayensu?

Ga labarin a taƙaice. A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wato yaƙin Hitila inji kakanninmu, wasu samari goma 'yan Amurka da ke wani sansani a Ingila sun kai hari sau 24 da jirginsu mai sakin bama-bamai ƙirar B-17. Saura ɗaya su cika 25 a sallame su su koma gida. Sai aka tura su birnin Bremen na Jamus. Fim ɗin duk a kan wannan tafiya guda ya ƙare. Daraktansa Michael Caton-Jones ne, furodusoshi kuma David Puttnam da Catherine Wyler, wadda mahaifinta William Wyler ya fitar da fim na gaskiya a kan ainihin jirgin a 1944.

Bari in fara da yabo, don fim ɗin ya ci a yaba masa. Yawancin finafinan yaƙin sama matuƙi suke bi, shi ne jarumi, saura 'yan rakiya. Wannan kuwa ya ba maharba haƙƙinsu, wato yaran da ke riƙe da bindigogi suna kare jirgin daga jiragen abokan gaba. Sean Astin ya fito a maharbin da ake cusawa cikin wani ƙwallon gilashi a ƙarƙashin jirgi, a dunƙule kamar ɗan tayi. Lokacin da aka ɓarke ƙwallon ya rage yana reto a sama da ɗamara ɗaya, wallahi sai da na miƙe tsaye. Harry Connick Jr. shi ne maharbin wutsiya. Har rawa da waƙa akwai, 'yan industiri ku kwantar da hankalinku, amma sau ɗaya ce, a daren jajibirin tafiya, kuma da dalilinta.

Fitowar da ta fi taɓa ni babu harbi a cikinta. Wani hafsa mai kula da farfaganda ya zo yana ɗokin shirya biki. Sai kwamandan sansanin ya ɗauko masa wasiƙun da iyaye da matan waɗanda suka mutu suka aiko, ya ce ya karanta. A nan fim ɗin ya kusa zama babban fim.

To amma fa ya tsaya a kusa. Dubi abin da ya faru a tsakiyar harin. Mataimakin matuƙi ya matsa a bar shi ya taɓa bindigar wutsiya don shi ma ya yi harbi. Ya harbo jirgin Jamus, jirgin kuma ya faɗa kan wani B-17 na sababbin yara, ya raba shi biyu. Muna jin ihunsu ta rediyo, sai shiru. Shi ke nan. Mutum goma sun tafi don kawai wani ɗan wasa ya yi nadama ta minti biyu. Su kuwa jarumanmu duk goma sun dawo, an yi tafi, an sa kiɗa.

Kuma an yi wa tarihi kwaskwarima. An canja sunayen ma'aikatan jirgin duka. Ainihin matuƙin Robert Morgan ne, kuma tafiyarsa ta 25 zuwa Lorient ta Faransa aka yi ta, ranar 17 ga Mayu, 1943. Wani mai ɗaukar hoto a tawagar Wyler, Harold Tannenbaum, ya mutu a 1943 da aka harbo jirgin da yake aiki a ciki. Ka ga labari a hannu, amma aka bar shi aka ƙirƙiri wani.

Za ka ce, to mu ina ruwanmu da yaƙin Turawa? Da ruwanmu ƙwarai. Amurkawa da rana suke kai hari, Ingila kuma da dare, galibi da jirgin Lancaster mai mutum bakwai: matuƙi, injiniya, mai duba hanya, mai sakin bam, mai rediyo, da maharba biyu. Na wutsiya ya fi kowa shan wuya. Shi kaɗai ne a can baya cikin sanyin da ke daskarar da yatsu, ga wurin ya yi ƙanƙanta har lemar sauka a bayansa ake ajiye ta, cikin jikin jirgi. In wuta ta kama, sai ya buɗe ƙofa ya lalubo ta. Cikin mutum kusan 125,000 da suka yi aiki a waɗannan jirage na Ingila, 55,573 sun mutu.

Dare mafi muni shi ne na 30 zuwa 31 ga Maris, 1944, da aka tura jirage 795 birnin Nuremberg, 95 ba su dawo ba, mutum fiye da 500 suka halaka. A cikinsu akwai ɗan Nijeriya, Saje Bankole Vivour daga Legas, wanda ke cikin runduna ta 156, masu shiga gaba su haska wa sauran jirage inda za su saki bam. Faɗa min gaskiya, ka taɓa jin sunansa?

Kuma neman irin wannan mutum ba duba ba ne, aiki ne mai hanya. Kowace runduna tana da littafin da ake rubuta lambar jirgi, sunayen mutanen ciki, kujerar kowa, da lokacin tashi. Littattafan suna nan a gidan adana takardu na Kew a Landan. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila tana da rajistar mamata, kuma tana kan intanet kyauta. Wanda ba a ga gawarsa ba, akwai bangon tunawa a Runnymede mai sunaye sama da 20,000. Sai a haɗa da rahoton matuƙan Jamus na wannan dare, da bakin waɗanda suka tsira, da wasiƙun dangi. Haka Martin Middlebrook ya yi har ya fitar da littafi sukutum a kan wannan dare ɗaya a 1973.

An ma taɓa yi a kan namu. Ɗan jarida Barnaby Phillips ya ci karo da rubutun wani tsohon soja, Isaac Fadoyebo, a wani gidan tarihi a Landan. Ya nemo shi a Legas, sannan ya tafi har Burma ya gano iyalin mutumin da ya ɓoye shi bayan an harbe shi a 1944. Fim ya fito a Aljazeera a 2011, Fadoyebo ya rasu a 2012. Da an yi jinkirin shekara biyu, da an rasa shi. Marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, shi ma ya rubuta Burma Boy a 2007, a kan sojojinmu masu magana da Hausa, amma da Turanci.

A nan nake juyowa kan 'yan fim da marubutanmu. Barikin Dalet yana nan Kawo, barikin Chindit yana Zariya, duk daga yaƙin Burma sunayen suka samo asali. Ta Kano da Maiduguri dubban jiragen yaƙi suka bi daga Takoradi zuwa Masar tun 1940. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa yana titin Yakubu Gowon, Arewa House tana titin Rabah, kuɗin Keke Napep ne tsakaninka da su. Amma ni dai ban taɓa kallon fim ɗin Hausa da aka zauna aka bi sawun soja ɗaya daga cikin kakanninmu da suka tafi ba su dawo ba. In an sa soja a fim, kaki ne na aro da gilashi baƙi, ya zo ya tsoratar da saurayin 'yarsa.

Kada a ce min babu kuɗin jirgi. Fim ɗin da nake nufi ba ya buƙatar jirgi ko ɗaya. Yarinya ce ta tsinci lambar soja a cikin adakar kakarta, ta shiga neman mai lambar, daga gidan tsoho zuwa gidan tsoho, daga fayil zuwa fayil. Lokeshin ɗinsa soro ne da ɗakin karatu. Abin da zai ci shi ne haƙuri, wanda ya fi kuɗi wuyar samu a industirin nan.

Ka nemi Memphis Belle ka kalla, ba za ka yi asarar lokacinka ba. Amma idan jirgin nan na biyu ya rabe, ka tsayar da fim ɗin, ka ƙirga mutum goma. Sannan in da sauran tsoho a gidanku, ka je ka tambaye shi wa ya tafi yaƙin Hitila a danginku, tun yana iya ba ka amsa. Allah ya jiƙan magabata. Sai wata mai zuwa.