Tabla da Gangunan Jaz: Tsokaci a Kan Kiɗan Trilok Gurtu

Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya, kunnensa ya san amon tabla. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a kan lissafi aka gina wannan kiɗa. Manufarmu a nan ita ce mu duba yadda Trilok Gurtu, wanda aka haifa a Bombay a 1951, ya gwama wannan lissafi da kiɗan jaz na baƙaƙen Amurka.

Kiɗan Indiya yana tafiya ne bisa zagayen da ake kira tala. Tintal yana da bugu 16, jhaptal 10, rupak kuwa 7, a kashe 3-2-2. Kome nisan yawon makaɗi, tilas ya sauka daidai kan bugun farko. Shi kuwa jaz yawanci bugu huɗu-huɗu ne, armashinsa kuma yana ga rangaji, inda makaɗi kan ɗan jinkirta ko ya ɗan riga bugu da gangan. Ke nan ɗaya ƙa'ida yake nema, ɗaya kuma sakewa.

Gurtu ɗa ne ga mawaƙiya Shobha Gurtu, kuma tun yana yaro ya koyi tabla. Bayan rasuwar Collin Walcott a 1984 ya maye gurbinsa a ƙungiyar Oregon, daga baya ya yi aiki da John McLaughlin. A faifan da suka ɗauka a Royal Festival Hall ta Landan a 1989, mun ji yadda yake furta kiɗa da baki, kamar yadda ake koyar da tabla, sannan ya rarraba jimlar a kan gangunan jaz. A ganinmu nan ne gwanintarsa take: bai ɗauki tabla a matsayin ado ba, tunaninta ya ɗauko.

Sai dai ba a rasa nono a ruga. Wani lokaci lissafin yakan rinjayi rangajin, har mai sauraro ya koma ƙidaya maimakon rausaya. Idan haka ta faru, jaz ya yi asarar abin da ya sa ake kiransa jaz.

Wannan darasi ne ga matasanmu masu ɗora waƙar Hausa a kan karin Indiya. Aron amo abu ne mai sauƙi. Amma kiɗa biyu ba sa zama ɗaya sai a hannun wanda ya durƙusa ya koyi kowanne a gaban masu shi.