Katantanwar teku a kan sarkin ƙasar da ba ta da teku

Kan sarki ɗan guntun takarda ne, amma ƙasa ce ke magana da shi, kuma a farkon lamari na Nijar ya san abin da yake faɗi. A 1921 Faransawa suka buga sunan yankin Nijar a kan tsofaffin na Haut-Sénégal-Niger, sannan jerin 1926 ya fito da mai jan ruwa a rijiya, da kwalekwale a kogin Kwara, da ganuwar sojan Zinder, a shekarar da aka ɗauke babban birni daga Damagaram, wato Zinder, zuwa Yamai. Mulkin mallaka ne ya zana su, amma mutumin Magarya ko Dungas in ya ga guga da igiya ya san gida ne. A shekarun 2010 kuwa, da kamfanin Stamperija na ƙasar Lituweniya ya riƙa fitar da kan sarki da sunan Nijar, sai ga katantanwar teku masu ƙyalli, kowace da sunanta na Latin a ƙasa. An yi su ne don masu tarawa na Turai da Asiya, ba don ambulan ɗin da zai bi hanyar garin Tinkim ba.

Mai suka zai ce ina ruwan ƙasar tudu da halittar teku. Nan ya yi gaggawa, domin akwai guda ɗaya da ta fi yawancin dabbobin dajinmu shiga rayuwar wannan yanki: wuri. A da, daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kwaso shi, a shanya har naman ya ruɓe, ya biyo jiragen Turawa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, fatake su hauro da shi arewa. Matafiyi Heinrich Barth ya tarar a Kano a 1851 ana canjin dalar azurfa ɗaya da wuri 2,500. Ƙasar Sosebaki, wadda Dungas ke cikinta, tana tsakanin Kano da Zinder ta Sarki Tanimun, kuma a wancan zamani da wurin nan ake cinikin gero da gishiri da turkuɗi, mai ƙirga ya zube shi ƙasa yana jan biyar-biyar da yatsu. Da 'yan kasuwar Hambag suka malalo da wani iri mai araha daga Zanzibar tun wajen 1845, darajarsa ta zube, har Turawan Ingila suka hana shigo da shi Arewacin Najeriya a 1904. Saboda haka laifin waɗannan kan sarki ba teku ba ne, rashin zaɓi ne: ana ɗauko kowane ƙoƙo mai kyau ba a tambayi dangantakarsa da ƙasar ba.

Wasu za su ce gidan waya na neman kuɗin shiga tunda WhatsApp ya cinye wasiƙa. Gaskiya ne, sai dai mai tara hotunan katantanwa zai sayi wuri kamar yadda zai sayi kowace. Wasu kuma za su ce wuri ya yi ƙaurin suna, da shi aka sayi bayi, yau kuma a faifan 'yan duba aka fi ganinsa. Wannan hujja ta fi nauyi, amma kan sarki ba lambar yabo ba ne, shaida ne. Gana ta sa wuri a jikin kwabbanta ba tare da ta wanke cinikin bayi ba.